Rigar Ibu da Injin Kaset

Pak Casmadi ya shekara ashirin da uku yana canza kaset a reshen kamfaninmu na Pekalongan, a tsibirin Java, kuma a tsawon lokacin nan babu ranar aiki guda da littafinsa ya kwana ba rubutu. Kamfanin na dakon kaya ne ta ruwa da ta mota. Duk takardar da aka cike a yini, ko ta dilar yadin batik mai tafiya Pontianak ce ko ta buhunan busasshen kifi masu zuwa Surabaya, cikin babbar kwamfuta take ƙarewa. Da ƙarfe biyar na yamma, bayan kowa ya watse, kwamfutar ta kwafe komai ta zuba a kaset, don ko wata rana ta mutu a sami inda za a koma. Da safe Pak Casmadi ya zo ya duba 'yar fitilar da ke goshin injin kaset. In kore ce, an kwafa lafiya. Sai ya zare kaset ɗin jiya, ya cusa na yau, ya zauna ya rubuta. Aikin ke nan. Minti shida yake ci in an yi shi a natse, shi kuwa bai taɓa yin sa a gaggauce ba.

A Wonokerto aka haife shi, gidan masunta. Sau uku ubansa na ɗora shi a kwale-kwale, sau ukun kuma ana sauko da shi a kwance, yana aman abincin da ko ci bai yi ba. Daga nan uban ya haƙura ya bar wa makaranta shi. Da buga tafireta ya shigo kamfani. Ran da aka kawo kwamfuta ta farko aka rasa wanda za a danƙa wa mabuɗin ɗakinta, sai shugaban wancan lokacin ya zaɓe shi bisa dalili biyu: rubutunsa na karantuwa, kuma shi kaɗai ne namijin da ba ya zuƙar taba. Tun daga ranar an sauya kwamfutar sau uku, an sauya shugaba sau bakwai, kujerar Pak Casmadi kuwa tana nan inda take, a ɗaki ɗaya tilo mai na'urar sanyi a ƙasan bene.

Littattafansa sun kai talatin da ɗaya, duk masu shuɗin bango. Kowane shafi ya ja masa layi shida da rula: kwanan wata, lambar kaset, launin fitila, yanayin gari, wanda ya shigo ɗakin, sai kuma layin ƙarshe na abin da ya faru. A layin ƙarshen nan ba ya raina komai. Akwai ranar da ya rubuta cewa tsaka ta faɗo daga silin ta koma. Babu wanda ya taɓa cewa ya kawo littafin a gani.

A watan Janairun 2013 aka kawo sabon shugaban reshe, Pak Wiratmo, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa cewa a'a ba, sai dai ya ce za a duba. Tare da shi matarsa ta zo, wadda ba mai kiran sunanta, Ibu kawai ake cewa, wato Uwargida, kuma tun makon farko ta karɓi ragamar ƙungiyar matan ma'aikata. Cikin Fabrairu ta zagaya ofis da tawagarta. Ta ga labule ta sa aka sauya, ta ga tukwanen fure ta sa aka juya su. Da ta shiga ɗakin kwamfuta sai ta ja ta tsaya gaban doguwar akwatin ƙarfen da kwamfutar da injin kaset suke ciki, duk ramuka gaba da baya, wayoyi na reto.

"Haba, Pak Cas," in ji ta. "Abu mafi daraja a gidan nan, kun bar shi tsirara haka? A garin batik?"

Pak Casmadi ya rusuna ya ce gaskiya ne, Ibu, ba su lura ba.

Mako biyar ta yi a kan aikin. Batik ne na hannu, ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, an yi masa shafi da soso a ciki don ya tsaya cas, an bi gefensa da leshi, ga zik tun daga sama har ƙasa. Daidai bakin injin kaset ta bar 'yar taga mai maɓalli. Ranar Litinin, sha takwas ga Maris, aka sa wa akwatin riga a gaban dukan ma'aikata, aka tafa, aka ci shinkafa da megono, kwaɗon garin, a ganyen ayaba. Aka kuma ɗora wa Mbak Yayuk, sakatariyar shugaba, alhakin rigar: kullum ƙarfe huɗu ita da Pak Casmadi za su kulle ɗakin tare, mabuɗi biyu, amma kafin nan sai ta daidaita leshin ta ɗauki hoto a waya ta aika wa Ibu.

Damina ta ci gaba har ƙarshen Afrilu, komai lafiya. Ranar Talata bakwai ga Mayu, gari ya soma zafi, Pak Casmadi ya ɓalle maɓallin 'yar taga ya ga fitila rawaya.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya je gaban allo ya kwafe saƙon da ya fito da Turanci, harafi bayan harafi, bai gane ko kalma uku ba. Ya sa kaset ɗin shara, wanda aka tanada don goge kan injin, ya jira ya gama. Washegari rawaya. Ya ɓare sabon kaset fil daga leda. Rawaya. Ranar Juma'a ya hau bene ya shaida wa shugaba, shugaba ya ce za a duba, aka kira Koh Hian daga Semarang.

Koh Hian shi ne mai gyaran da kamfani ke hulɗa da shi, ƙato ne mai dariya da ƙarfi, kullum hannunsa da maiƙo domin bai iya wuce mai suyar tempe, wainar waken soya, a tashar jirgin ƙasa ba. Mbak Yayuk ta san wannan hannu. Saboda haka tun da sassafe, kafin jirginsa ya iso, ta zuge zik ta cire rigar, ta ninke ta hau da ita bene ta kulle a durowarta.

Koh Hian ya karanta abin da Pak Casmadi ya kwafa. "Ka ga, Pak, a cikin kwamfutar nan akwai wani kati, shi ne hedimanin ma'ajiya. Shi ke karɓar kaya daga faya-fayai yana miƙa wa injin kaset. Abin da yake cewa a nan shi ne, ana tsakiyar aiki ya kira injin, injin bai amsa ba, shi kuma ya yi fushi ya ajiye aiki."

"To wa ke da laifi, Koh? Mai kira ko wanda aka kira?"

"In na sani yanzu, me zan ci gobe?"

Ya zare waya ya hura ya mayar. Ya gwada kwafi da tsakar rana, fitila kore shar. Ya sake gwadawa, kore. Ya ce wayar ce ta yi sako-sako, ya sha shayi, ya kama jirgin ƙarfe uku. Mbak Yayuk ta sauko da riga. Aka rubuta wa hedikwata a Jakarta cewa an shawo kan matsalar. Da safe rawaya.

Zuwansa na biyu ya kawo sabuwar waya mai kauri, ya sauya har da ɗan toshen da ke rufe ƙarshen layin, wanda ya ce rabin haukan injinan nan daga gare shi yake fitowa. Wannan karon ya rantse sai ya kwana a gari ya ga aikin yamma da idonsa. Tunda yana gari, rigar ta kwana a durowa. Da safe kore. Ya daki kafaɗar Pak Casmadi ya tafi. Zuwa na uku ya sabunta umarnin da ke cikin katin, ya ciro shi ya sauya masa rami. Zuwa na huɗu ya zo da aron wani injin kaset gaba ɗaya, ya sake kwana, ya sake ganin kore, ya ce, "Pak Cas, injin nan naka ni yake so. Ko in ɗauke shi mu tafi Semarang a ɗaura mana aure?" Sau huɗu ana rubuta wa Jakarta an shawo kan matsalar.

Ana saura mako guda azumi, Ibu ta ce abin ya wuce na waya. Aka dafa tudun shinkafa rawaya, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin kwamfuta, aka yi addu'a, shugaba ya yanke kan tudun ya miƙa wa Pak Casmadi a faranti. Kwana uku a jere fitila kore. Pak Wiratmo ya ce wa ma'aikata akwai darasi a ciki ga mai tunani. A rana ta huɗu ta koma rawaya, ba wanda ya sake ta da zancen darasi.

Ran ƙarshe kafin hutun Sallah shugaba ya kira shi sama, ya sa aka kawo masa kujera mai laushi, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce Jakarta za ta turo mai bincike ranar Litinin biyu ga Satumba. Za ta nemi kaset na kwanakin aiki goma da suka gabata, ta zaɓi wanda ta ga dama, ta ce a fito mata da takarda daga ciki.

"Ba wai ina zargin kowa ba ne, Pak Cas. Amma mutanen Jakarta ba su san injin ba, suna kawai suka sani. Wata takwas ya rage maka ka yi ritaya, ko? Ina ta tunani, siton tsofaffin takardunmu na bakin tashar jirgin ruwa yana bukatar mutum mai tsari irinka. In har abin nan bai gyaru ba ke nan. Za a duba."

Kowa ya san siton. Duk ran da teku ta cika sai ta shigo ciki har ƙwauri, ruwa baƙi mai warin man jirgi, ma'aikacin wurin a kan tebur yake sallah. Pak Casmadi kuwa shekara shida ke nan yana fama da ciwon suga, likita ya gargaɗe shi cewa ƙafarsa ba ta shiri da ƙazamin ruwa, ɗan ƙwarzane ya isa. Ya yi godiya, ya sauko bene.

A karo na farko a rayuwarsa ya fita da littafin ofis zuwa gida. Ran Lahadin ƙarshen hutu, bayan la'asar, ya zauna a baranda da littafi na talatin da ɗaya da rula da fensir. Daga bakwai ga Mayu zuwa biyu ga Agusta, kwanakin aiki sittin da biyu. Rawaya arba'in da biyar, kore goma sha bakwai. Ya ware koren a takarda dabam. Shida daga ciki an yi ruwa mai yawa da yamma. Biyu Koh Hian ya kwana a gari. Saura tara, uku-uku a jere, sau ɗaya a kowane wata, ciki har da na addu'ar shinkafa.

Matarsa, Bu Darsini, ta fito da farantin soyayyen tempe ta ajiye. Shekara ashirin ta yi tana zanen kakin batik a wani gida a unguwar Kauman kafin idonta ya gaji, kuma tun tana budurwa ba ta iya ganin takarda a buɗe ta ƙi leƙawa.

"Pakne," ta ce wa mijinta, "wannan layin na ƙarshe fa? Duk abu ɗaya ka rubuta."

"Wane?"

Ta ɗora yatsa mai maiƙo, ya yi saurin janye littafin, amma ya riga ya gani. Da hannunsa, da kyakkyawan rubutunsa: riga ta tafi wanki gidan Ibu. Riga ba ta dawo ba. Riga ba ta dawo ba. Ya buɗe Yuni, haka. Ya buɗe Mayu, haka. Ya koma kan kwanakin Koh Hian: riga tana durowar Mbak Yayuk.

Bu Darsini ta zauna a dakali ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wata uku! An sauya waya, an kawo Koh, an dafa shinkafa, ashe bawan Allah zufa yake yi! Kai in na naɗe ka a katifa na zuge zik na ce ka yi aiki har safe, za ka amsa kira?"

"Bune, rage murya."

"Wa zai ji? Kaji?"

"Rigar Ibu ce."

"To sai me? Ka je ka ce mata, Ibu, rigarki na kashe injin."

Ya dube ta kamar ta ce ya je ofis ba wando. Ita ma da ta sake auna maganar a bakinta sai ta daina dariya, ta ɗauki tempe ta ci.

Ran Litinin ya zura hannu ta 'yar taga ya taɓa ƙarfen. Kamar murfin tukunyar shinkafa. Ya sha jin wannan zafin a baya, ya ɗauka haka injin mai ƙwazo yake. Ƙarfe huɗu, Mbak Yayuk na daidaita leshi, ya yi gyaran murya.

"Mbak, da a ce, misali kawai, bayan an ɗauki hoton, rigar ta ɗan huta a kan kujera zuwa safe..."

"Pak Cas, me ka ce? Na'urar sanyin nan ta cika ƙara."

"Cewa na yi, da alama zafi ne ke..."

"Ban ji ba, Pak. Kuma gobe ma ba zan ji ba. 'Ya'yana biyu suna makaranta." Ta ɗauki hoto ta murɗa mabuɗinta.

Ya fita bakin titi ya buga wa Koh Hian.

"Wace riga?" in ji Koh Hian.

Ya yi masa bayani: batik, soso, leshi, zik. Sai dariya ta fashe har sai da ya nisanta wayar daga kunne.

"Soso! Kun toshe masa hanci da baki kun ce ya yi numfashi! Sau huɗu ina hawa jirgi! Cire ta mana, Pak, yanzun nan, ka yi tsumman goge ƙasa da ita!"

"Koh, kai a Semarang kake kwana."

"To bari in rubuta a rahoto."

"In ka rubuta, za a tambayi wanda ya gaya maka, tunda ba ka taɓa ganinta ba. Kuma Pak Wiratmo ne ke sa hannu a takardar kiranka."

Dariyar ta tsaya. "Ka ce rigar wa?"

"Ibu."

"Layin nan ba shi da kyau, Pak. Sai an jima."

Kwana goman mai bincike za su fara ne daga Litinin sha tara ga wata. Ranar Juma'a sha shida Ibu za ta zo da tawagarta duba adon bikin 'yancin kai. Bayan wannan babu sauran dama. Ran Laraba da yamma yana zaune ya tasa shayi a gaba har ya huce, Bu Darsini na ninke wanki, sai ta ce, kamar mai magana da zanin da ke hannunta, "Ni yadin nake tausayi. Rinin ruwan ƙasan nan ba ya son zafi. Ko rana ba a shanya shi, sai inuwa. Wata biyar ana hura masa wuta ta baya, ai yanzu ya fara koɗewa."

Pak Casmadi ya ajiye kofi a hankali.

Da safe ya matsa bayan akwatin da tocila, wurin da ba mai zuwa, inda fankokin ke fitar da iska. Ga shi nan kuwa. Wuri mai faɗin faranti, ruwan ƙasan ya koma kalar shayin da aka cika wa madara, soson ciki ya yi tauri.

Ran Juma'a ya sa rigar batik ɗinsa ta zuwa ɗaurin aure. Ƙarfe goma Ibu ta iso ɗakin kwamfuta, mata shida a bayanta, shugaba a bayansu, Mbak Yayuk a bayan shugaba. Pak Casmadi ya haɗa hannu ya rusuna fiye da kullum.

"Ibu, ina neman gafara dubu. Akwai laifin da na yi, na kasa barci a kansa."

Mbak Yayuk ta soma kallon silin.

"An ba ni amanar aikin hannun Ibu, ban tsare ta ba. Injin nan ba shi da ladabi. Da rana yana lafawa saboda yana ganin mutane. Amma daga ƙarfe biyar, da ya ga an kulle ƙofa, sai ya kama hura wa yadin iska mai zafi har safe. In Ibu ba za ta damu ba..." Ya nuna bayan akwatin da babban yatsa, ya haska tocila.

Ibu ta matsa ta leƙa. Ta kai hannu ta shafa wurin. Da ta juyo, ba Pak Casmadi ta kalla ba, mijinta ta kalla.

"Mas. Zo ka ga abin da injinka ya yi."

Pak Wiratmo ya zo ya gani, ya ce lallai za a duba.

"Ba za a duba ba. Mako biyar na yi. Daga yau a riƙa kashe shi ƙarfe huɗu."

Shugaba har ya fara gyaɗa kai. Wata daga cikin matan ta ce ko a ƙara soso a ciki, ya zama biyu, don ya tare zafin, sauran suka ce shawara ce mai kyau.

"Ibu ta fi ni sani," in ji Pak Casmadi. "Kashewar ce mutanen Jakarta ba za su bari ba, ba su san darajar yadi ba. Ni dai na tambayi matata, tsohuwar mai zanen kaki ce, ba ta kai Ibu ba ko kusa. Ta ce da na kanti ne, a ƙara soso a ƙyale shi. Amma batik irin wannan, na gidan manya, shi kamar mutum yake. Da rana ya fito a gan shi, da yamma a rataye shi a inuwa ya sha iska."

Ibu ta ƙura masa ido. Na'urar sanyi na ta gurnani.

"Ai wannan sananne ne," in ji ta a ƙarshe. "Tun farko na faɗa. Yayuk, ban gaya miki ba?"

"Kin faɗa, Ibu. Ni ce na sha'afa."

"Daga yau ƙarfe huɗu a cire a rataye, ƙarfe bakwai a mayar. Kuma ba a kan ƙusa ba. Mas, a sa kafinta ya yi marataya ta katakon jati. Hoton ma a ratayen nake so." Ta juya ga Pak Casmadi. "Ka yi sakaci, Pak Cas, amma ka faɗi gaskiya. Ba kowa ke iyawa ba."

Ya ce alherin Ibu ne.

Litinin kore. Talata kore. Haka har kwana goma, kowace safiya yana ɓalle maɓallin taga da bisimilla.

Mai binciken, Bu Marpaung, 'yar Medan ce, ba 'yar Java ba, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Tana shiga ɗakin ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Wannan fa? Kaciya za a yi wa kwamfutar da aka yi mata wannan ado?" Ta zaɓi kaset ɗin ashirin da biyu ga wata, ta ce a fito mata da takardar jirgin Banjarmasin. Injin ya yi ƙugi minti huɗu, takarda ta fito a allo cif. Ta zaɓi wani, ya fito. Sai idonta ya faɗa kan shuɗin littafi a tebur, ta ɗauka. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa buɗe shi ban da mai shi da matarsa.

Ta karanta Mayu. Ta karanta Yuni, yatsarta na bin layin ƙarshe. Ta dubi rigar, ta dubi maratayar katako a bango, ta dubi Pak Casmadi ta saman tabarau.

"Wa ya gano, Pak?"

"Ibu ce ta ba da umarni, Bu."

"Na ce wa ya gano."

"Yadin ne ke koɗewa, Bu."

Ta rufe littafin, kafaɗunta na motsi. "Shekara goma sha biyar ina yawo a Java," in ji ta, "har yau in an ce min ga hanya nan, sai na duba ta taga." Ta nemi a ba ta shayi.

A rahotonta ta rubuta cewa an magance matsalar ta hanyar sabon tsarin shan iska da reshe ya ɓullo da shi. Pak Wiratmo ya sami takardar yabo, ya je Jakarta ya yi jawabi a kan tsarin. Kafin shekara ta ƙare rassa uku suka aiko neman awon rigar, domin su ma suna son fara tsarin shan iska, ba su da abin da za su cire.

Maganar sito ba ta sake tashi ba. Pak Casmadi ya yi ritaya ƙarshen Maris 2014 daga kan kujerarsa, da ƙafafunsa biyu, a shafi na tamanin da huɗu na littafi na talatin da biyu. A takardar miƙa aiki ya jera abubuwa tara. Na ɗaya, wanda ya ja wa layi biyu a ƙasa, shi ne: a cire riga ƙarfe huɗu, ko da ruwa ko da rana, saboda lafiyar yadin.

Bayan shekara biyu kamfani ya daina aiki da kaset, komai ya koma tafiya Jakarta ta waya, aka zo aka kwashe kwamfutar da injin. An yi wa Pak Wiratmo canji zuwa Cirebon, Ibu ta bar wa reshe rigar don tunawa. Akwatin ƙarfen yana nan ba komai a cikinsa. Tsarin kuwa ya riga ya shiga kundin dokokin ofis, sashe na bakwai, saboda haka har yau ƙarfe huɗu ana zuge zik a rataye, ƙarfe bakwai a mayar, a sa hannu.

Pak Casmadi yana gida. Ya sayi sabon littafi mai shuɗin bango, ya ja layi shida, yana rubuta iyakar inda ruwan teku ya kai a lungunsu kowace rana. Bu Darsini ce ke fita ta auna masa da sanda, shi yana baranda, ƙafa a kan kujera.